A garinmu ba a sayen PS a rufe

Duk wanda ya taɓa cinikin na'urar wasan PS tsakanin Gaya da Karakara ya san ba da kuɗi ake fara magana ba. Kafin a ce "nawa?" sai an ce "an buɗe ta?" In mai kaya ya ce a'a, tana nan yadda kamfani ya rufo ta, sai mai saye ya fara sosa ƙeya yana lissafin abin da zai ƙara wa mai gyara. A can inda ake ƙera ta, da zarar an kwance na'ura an taɓa cikinta, garanti ya faɗi, daraja ta zube. Mu a nan sai an taɓa ta take zama kaya. Ba mu taɓa zama mun yi shawara a kan haka ba. Haka muka tashi muka ga ana yi, har yaron da bai iya ɗaure zariyar wandonsa ba ya san bambancin buɗaɗɗiya da rufaffiya.

Garantin ma dama bai taɓa iso mu ba. Kafin PS ta zo hannunmu ta riga ta bi hannu biyu ko uku. Wani yaro a Faransa ko Amurka ya gaji da ita, ta faɗa kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin, ta sauka a Kwatano, ta yi tafiyar sama da kilomita 700 ta Paraku da Kandi har Malanbil, ta haye Gaya. Wata kuma ta Legas take biyowa, daga kasuwar Alaba ta hauro Kano ko Sakkwato, ta shigo ta Kamba. Ko da aka toshe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba ta fasa zuwa ba. Kwale-kwale ta hau, ta iso da tsadarta.

A ƙauyuka irin namu har gobe PS2 ba ta sauka daga mulki ba. Kamfanin Sony ya fito da ita a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a farkon 2013. Su sun yi bankwana da ita, mu kuwa a lokacin muka fara sanin daɗinta. Kulli biyu kamfani ya yi mata: ba ta karanta faifan da aka kwafa, ba ta kuma karanta faifan wani yanki. Ta Japan da nata, ta Amurka da nata, ta Turai da nata. To mu da kayanmu ke zuwa daga ko'ina a cakuɗe, ka sayi na'urar Amurka, ka samu faifan Turai, su zauna suna kallon juna.

Buɗewar dā aikin dalma ce. Mai gyara ya kwance ta, ya ɗauko wata 'yar ƙwaya, Matrix ko Modbo, ya liƙa wayoyi sirara wajen ashirin a jikin allonta ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe numfashi. Daga 2008 aka samu hanya mai sauƙi, wata manhaja mai suna Free McBoot da ake zubawa a katin memori. Ba a kwance ko kusa ɗaya. Ka soka katin, ka haɗa da wata manhajar da ake kira OPL, sai wasanni su taso daga filash. Masu sana'ar sun san sirrinta: PS2 sirara na ƙarshe-ƙarshe ba sa karɓar katin, wasan da ya wuce giga huɗu sai an yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya shiga filash, kuma bakin filash na PS2 tsohon yayi ne, shi ya sa hoton farkon wasa yake in'ina. Ba mai damuwa. Wa ya zo kallon hoton farko?

In ka tambayi mai gidan gem amfanin buɗewa, ba zai fara da maganar kuɗi ba, da ƙura zai fara. Idon da ke karanta faifai shi ne abu na farko da ke mutuwa a PS2, kuma hunturunmu ba ya raga masa. Faifan kansa, in ya bi hannun yara goma, ya zama duk karce. Na'urar da idonta ya makance a Turai sai juji. A nan, da kati da filash, tana iya ƙara shekaru tana ciyar da gida: dala goma ko ashirin kowane wasa, ko naira in ita ce a aljihu, tun daga la'asar har batirin sola ya yi kuka.

Sai kuma ƙwallo, wanda shi ne uwa uba. Kamfanin Konami ya daina yi wa PS2 sabon PES tun daga na 2014. Amma shiga rumfar gem yau ka gani: Messi yana Inter Miami, ƙungiyar da ba ta fara buga wasa ba sai 2020. Mbappe yana Real Madrid, Ronaldo yana Al-Nassr, Osimhen ya sa rigar Galatasaray. Duk aikin wasu samari ne da ba mu san fuskarsu ba, suna ɗinke tsohon wasa da sababbin sunaye da riguna suna watsawa a intanet. A Brazil ma haka suke. Wani mai gidan gem ya fara nasu a 2007, Bomba Patch, har ya zama abin alfaharin ƙasa. Namu yaran kuma, da suka nemi Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, a PES ba su gani ba, sai suka zauna suka ƙera ta da hannu, suka sa Musa Ma'azu a gaba, Kasali Dauda a raga, suka cika musu ƙarfi har ƙarshen ma'auni. Mena ta je gasar cin kofin Afirka sau biyu, 2012 da 2013, ba ta fita daga rukuni ba. A rumfunanmu kuwa ta sha lallasa Brazil da ci biyar.

Gardamar takan tashi ne a fada, bayan shayi na biyu. Kullum akwai malamin da zai gyara zama ya ce, "Ku dai ku hwaɗi gaskiya, wanga abu haƙƙin wani na. Mutane sunka yi shekaru suna wahala, ku kun kwashe a hilash da dala ɗari." Kullum kuma akwai mai gyaran da zai amsa, "Allah shi gafarta Malam, in na sayi babur da kuɗɗina, kamfani na biyo ni shi ce ga gidan man da za ni sha? Na'ura tawa ta." Sai Malam ya ce ai ba a kan na'ura yake magana ba, a kan abin da aka zuba mata ne. Nan fa ake yin shiru kaɗan, don kowa ya san ya taɓo wuri. Buɗe abin da ka saya daban, kwasar wasa ɗari ba ka biya ko sisi ba daban. Kuma mun ga yadda satar fasaha ta yi wa namu: 'yan fim ɗin Kano sun yi ta kuka da masu kwafar faifai da masu tura wa mutane a waya, har kasuwar faifan ta durƙushe. Wanda ya tausaya wa mai fim na Kano, da wane baki zai ce na Japan ba shi da haƙƙi?

Amma samari ma ba su rasa abin faɗa ba. Sabon wasan PS5 a Turai yuro 70 ne zuwa 80, wato jaka 46 zuwa 52. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, jaka 42 ne. Wasa guda ya fi gumin wata. Ko ka ce kai na Allah ne, sai ka saya da halalinka, kantin Sony na intanet bai san da Nijar ba, bai san da Najeriya ko Benin ba. In za ka buɗe asusu sai ka ce kana zaune a Faransa ko Amurka. "To Malam," in ji su, "ko ta ina anka bi sai an yi ƙarya. Wacce ta hi sauƙi?" Malam ya ce rashin kanti ba ya halatta kayan mutane. Su ce wanda bai kawo kaya kasuwa ba, bai yi asarar ciniki ba. A nan ake tsayawa, a zuba shayi na uku, ba wanda ya kayar da wani.

Kada mu ɗauka mu kaɗai muka rasa bakin zaren. Alƙalan duniya ma kansu ya rabu. A 2005 babbar kotun Ostireliya ta ba wani mai saka ƙwaya, Eddy Stevens, gaskiya a kan Sony, daga baya majalisa ta tsaurara doka. A 2011 Sony ya maka wani saurayi Ba'amurke, George Hotz, a kotu saboda ya watsa mabuɗin PS3, aka ƙare da sulhu bisa alkawarin ba zai sake taɓa kayansu ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne Gary Bowser, ɗan Kanada, da ke tallan kayan buɗe na'urorin Nintendo: a 2022 aka yanke masa wata 40 a kurkuku, ga bashin dala miliyan 14 da rabi, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. In an ba da wannan labari a fada, sai kowa ya juya ya kalli mai gyara, shi kuma ya ce su fara gano hanyar Karakara tukuna.

Gaskiyarsa. Ba lauyan Sony ke kashe mana na'ura ba, mu da kanmu ne. Almajirin mai gyara da hannunsa ke rawa ya ɗiga dalma inda ba nan ba, allo ya ƙone, a ce maka "dama ta zo da ciwonta." Wani ya samu tsohuwar PS2 mai kauri ta Amurka, wadda aka yi wa wutar 110, ya soka ta a 220 ɗinmu, ƙauri ya cika ɗaki kafin ya zauna. Janareta ya yi tari, wuta ta hau ta sauka, ta tafi da abin da ta tafi da shi. Masu PS4 kuwa nasu tashin hankalin daban ne. Buɗewarta ba ta zama, duk sanda wuta ta ɗauke sai an sake daga farko, kuma yankewar wuta ba sallama tana iya lalata abin da ke cikinta. Sannan tana da dokar da ta fi kowace: kada a sabunta. Shi ya sa a kasuwa wadda ta tsaya a tsohuwar manhaja, irin 9.00, ta fi wadda aka sabunta tsada. Yaro ɗaya mai ƙaiƙayin yatsa ya haɗa ta da intanet ya danna "eh", shi ke nan ta rufe, ba komawa baya, jarin mutum ya zama abin ado. Wanda kuma ya shiga wasan intanet da buɗaɗɗiya, kamfani na iya toshe shi har abada, kamar yadda Microsoft ya yi wa ɗimbin masu Xbox 360 a ƙarshen 2009.

Duk wannan surutun maza ne. In kana son jin ainihin ƙarar, shiga cikin gida. Iyaye mata ba ruwansu da haƙƙin Konami. Abin da za ka ji shi ne, "Ɗan nan, canjin da na aike ka da shi hwa?" Da kuma, "Tun azahar anka neme shi makarantar allo, yana can wurin tsinannen gem." Malamin lakkwal ma yana da nasa, don ya san waɗanda ke gyangyaɗi a aji. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: in manya suka karɓi manet, wasan dala ashirin yakan koma na jaka, 'yan kallo su ɗora nasu a kai, a tashi da zagi, wani sa'in da dambe. Wannan caca ce, ko da rigar Barcelona ta sa.

Abin da buɗewa ta ƙara a kan wannan shi ne yawa. Dā, mai faifai uku ya san abin da ke cikin ukun nan. Yanzu mai zubi ya cika filash da duk abin da ke kwamfutarsa, ba ya tambayar wa zai buga. A tsakiyar ƙwallo da tseren mota akwai God of War, akwai Mortal Kombat, akwai GTA San Andreas, wasannin da a can ƙasashensu an buga musu tambarin manya a jikin kwali. Mu kwalin bai iso ba, balle tambarin. Ɗan shekara takwas ya zauna yana fizge mutum daga mota yana bi ta kansa, sa'anninsa na ihu, mai rumfa yana can yana ƙirga canji. Uban yaron kuma ya leƙo ya ga talabijin, ya ce ai wasan yara ne.

To in za mu yi gardama, nan ya kamata mu kai ta. Maganar halas da haram ta kwafa tana nan, malamai su ci gaba da jan kunne, ba laifi mu ji nauyinta. Amma ba wanda zai rufe PS a garin da rufaffiya ba ta aiki. Abin da ke hannunmu ƙarami ne, kuma ba ya cin ko dala. Mai rumfa ya ware filash ɗin yara da na manya. Ya kashe talabijin in an kira salla da lokacin karatu, kamar yadda wasu ke yi tun ba a roƙe su ba. Ya kori duk wanda ya ajiye kuɗi a kan tabarma. Mai gyara ya faɗa wa mutum gaskiyar abin da zai iya faruwa kafin ya ɗora ƙarfen dalma, ba bayan hayaƙi ya tashi ba. Uba kuma, ranar da zai kai na'urar gida a zuba mata wasa, ya tsaya a kan mai zubi ya ce a nuna masa ɗaya bayan ɗaya. In bai gane ba ya tafi da babban ɗansa, amma ya riƙa kallon fuskar yaron: duk wasan da ya ga ya yi saurin cewa "Baba, wanga ba komi ciki," shi za a fara gogewa.