Gammon Jak

Ranar da na gaya wa yayana a waya cewa na sayi tirela, sai da ya yi kabbara, ya ce a yi maza a turo ta gida a sa ta layin ɗaukar siminti. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa ba irin ta Kano zuwa Legas ba ce. Ɗaki ne mai taya, wanda Amurkawa ke ɗaura wa mota a baya su ja shi zuwa daji su kwana: gado biyu, ɗan madafi, firji, da banɗakin da in ka shiga sai ka fito waje za ka iya juyawa. A 2021 ne, lokacin da kullen korona ya sa kowa ya ƙosa da bangon gidansa. A shekarar kaɗai kamfanonin Amurka sun fitar da irin waɗannan gidaje na tafi-da-gidanka sama da 600,000, akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiana, maƙwabciyarmu a nan Ohayo. Tawa ta hannu ce, tsawonta mita 7, nauyinta wajen kilo 2,300.

Jak biyar gare ta. Babba ɗaya a hanci, inda ake ɗaura ta da mota, sai huɗu masu siffar almakashi, ɗaya a kowace kusurwa. Tafin kowannensu bai fi tafin hannuna ba. Wanda ya sayar mini ya ce kada in kuskura in sauke su a kan ƙasa tsurarta, in nemi abin da ake shimfiɗa musu, don a taɓo nutsewa suke, a yashi ma haka, kwalta kuwa in rana ta gasa ta sai su huda ta. Hikimar dai ta raƙumi ce: nauyinsa ya ninka na jaki, amma faɗin tafinsa ya sa yake tafiya a kan rairayin da jaki ke kafewa. Ni na raɗa wa abin suna gammo, tun da aikinsa ke nan, shiga tsakanin kaya da mai ɗauka.

A shago na ga na roba, guda huɗu a ƙunshe, kuɗinsu bai kai na cika tankin mota ba. Na ɗauka, na jujjuya, na mayar. Ni ɗan kafinta ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shekara talatin yana fere katako a Zariya. A ce ɗansa ya sayi roba don a taka? Gado ai ba karambani ba ne. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, a duk shekarun nan aikina a shagonsa bai wuce sayo ƙosai da share garin katako ba, kuma tun da na zama akanta abu mafi kaifi da na riƙe shi ne abin yanke farce.

Na sayo katako tu-bai-ten. Da na iso gida na ɗora masa tef, sai na ga kaurinsa inci 1 da rabi, faɗinsa inci 9 da kwata. Na ce to, ashe har nan ana buga wa mudu gindi. Na kinkime shi na koma shagon da shirin rigima, har na tanadi Turancin da zan yi. Wani yaro da bai kai sa'ar ɗana na fari ba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce duk Amurka haka katako yake: sunan na ɗanyen yanka ne, kafin a busar da shi a goge. Na yi godiya kamar dama abin da na zo tambaya ke nan. Na dawo na yanka gida huɗu da zarto. Babu biyu da suka yi daidai da juna, amma na jera su a gareji na ɗauki hoto na tura wa yayana.

Fitarmu ta farko ta zo daidai da zuwan Hajiya, mahaifiyar maiɗakina, wadda ta zo mana wata shida. Ƙarshen makon da ke haɗe da Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ne, ranar tunawa da sojojin Amurka da suka mutu, wadda kuma ita ce ke buɗe kakar kwanan daji. Hajiya ba ta yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na haɗa ido da ita. Komai ta bakin 'yarta yake bi, ko da muna zaune a kujera ɗaya.

"Ke, tambayi maigidan naki, korar mu aka yi daga gidan?"

"A'a Hajiya, hutu ne."

"Hutu. Mutum da ɗakinsa da wutarsa, ya biya kuɗi don ya kwana da sauro. Su Fulani ai shanu suke bi. Mu me muke bi?"

Muka isa wani sansani a kudancin jiharmu bayan an kwana biyu ana ruwa. Filin da aka ba mu ya ɗan karkata hagu, ƙasar kuma jar laka ce mai kama takalmi. Na kwance tirela daga mota, na sa waigi, na jefa gammayena huɗu, na ɗauko injin ɗaure noti mai batir na sa masa kan sifana mai inci uku bisa huɗu. Wannan na gani a bidiyo, kuma shi kaɗai na gani, don ban kalli bidiyon har ƙarshe ba. Jak na hagu na baya na fara ɗaurewa. Ya taɓa katako, na ci gaba. Ɗaki ya fara ɗagawa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na ci gaba. Na yi wa na gaba haka, har tayar hagu ta kusa barin ƙasa. Lebur kuwa na manto shi a gida, don haka na zuba shayi a kofi na ɗora kan teburin ciki, na tsuguna ina leƙen bakin kofin. Da shayin ya kwanta daidai na ce alhamdu lillahi. Sai bayan kwana biyu na gano teburin kansa gurgu ne.

Da daddare Hajiya ta idar da Isha, ta ce wa 'yarta ita dai tun da take ba ta taɓa yin ruku'u ta ji ana tura ta gefe ba sai yau. Na yi kamar ban ji ba.

Wajen ƙarfe uku na dare aka ji "ƙas!" kamar an harba bindigar toka a ƙarƙashin gado. Kusurwar hagu ta baya ta zauna. Tukunyar miyar kuka da aka bari a kan murhu ta kama hanya, ta bi kanta har ƙarshe, ta yi sallama da murfinta, ta sauka. Autarmu ta gangaro daga gadon sama ta faɗa kan yayanta. Hajiya na ta salati, tana cewa dama an ce ƙasar nan ana girgizar ƙasa. Na yi tsalle na nufi ƙofa, na taka miya, na isa ƙofar da sauri fiye da yadda na yi niyya. Na murɗa, na tura. Ko motsi. Kusurwa ɗaya ta faɗi, ɗaya tana sama a ɗaure tam, ƙashin tirelar ya murɗe, ƙofa ta cije a cikin gidanta.

Irin waɗannan ɗakuna suna da tagar gudun tsira mai jan hannu. Tamu tana daidai kan gadon Hajiya.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda ba Bahaushe ba abin da ake nufi da mutum ya tsallake surukarsa da ƙarfe uku na dare, daga shi sai singileti da gajeren wando, ƙafarsa duk miyar kuka. Hajiya, Allah ya saka mata, ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya bango, tana cewa, "Ki ce masa ya bi a hankali." Na zura kai, na zura kafaɗa, tumbi ya ce shi ba inda za shi. Ɗana ya turo daga baya. Na sauka da hannu biyu da haɓa a cikin laka.

Da na ɗago sai ga haske a fuskata. Dattijon Baturen da ke filin kusa da namu ne, da tocila da rigar barci, tsohon direban babbar mota. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya haska ƙarƙashi. Gammona ya rabe biyu daidai tsakiya, kamar an sa gatari an bi jijiyar itacen, tafin jak ya shige tsakani ya nutse har wuya, almakashin ya lanƙwashe.

"Saurayi, da waɗannan ka ɗaga ta?"

Na ce ai jak ne.

Ya ce sunansu ne kawai jak. Aikinsu su hana ɗaki rawa in ana tafiya a ciki, ba su ɗauke shi ba. Nauyin tirela a kan tayoyi yake, sai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan hanci. In gefe ɗaya ya yi ƙasa, katako ake jerawa a gaban tayar wannan gefen, a ja tirela ta hau, tun tana ɗaure da mota. Sannan waigi. Sannan a kwance ta, a daidaita gaba da baya da babban jak na hanci. Sai a ƙarshe a sauke na kusurwa, su taɓa gammo, a ɗan ƙara kaɗan, a tsaya. Katako kuwa falle ɗaya, in ka ɗora masa nauyi a tsakiya a kan ƙasa mai taushi, ta jijiyarsa zai tsage. Biyu ake haɗawa, jijiyar na sama ta gitta ta na ƙasa. Wannan na ƙarshen ya soke ni, don ina jin muryar mahaifina yana faɗa wa yaransa irinsa, ina gefe ina cin ƙosai.

Ya sassauta jak na gaba, ƙofa ta buɗe da kanta kamar ba ita ba.

Da safe aka buɗe firji, kindirmon da Hajiya ta kwana biyu tana tattalinsa ya zama tsala. Dattijon ya yi mini bayanin wannan ma. Firjin tirela irin tamu ba shi da injin da ke gurnani irin na gida. Wutar gas ce ke dafa ruwan ammoniya, tururin ya hau, ya huce, ya gangaro ta cikin bututu mai lanƙwasa da nauyin kansa. In ɗaki ya karkata fiye da kamar digiri 3, ruwan sai ya kwanta a lungu ya ƙi gangarowa, sanyi ya tsaya, in aka daɗe a haka ma firjin ya mutu ke nan. Tun la'asar namu yake a karkace, bisa shaidar kofin shayi.

Hajiya ta fito da carbinta, ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta duƙa ta leƙa. "Ki ce masa ko rumbu sai an daidaita duwatsunsa kafin a ɗora. Kuma ba a ɗora shi a fadama." Maiɗakina ta isar da saƙon, ta ƙara da nata, cewa ita sai yau ta lura tsakanin jak da jaki harafi ɗaya ne.

Mai hankali da ya koma shago ya sayi na roba. Ni na koma na sayo sabon jak, da katakon da aka jiƙa da maganin ruɓa, da gam, da sukurori, da igiya, da fenti ruwan lemo don kada in manta su a ciyawa. Dattijon ya ce wasu na sa tabarmar robar da ake shimfiɗa wa dawaki a barga, don haka na je shagon manoma na sayo guda: ƙafa 4 da ƙafa 6, kauri inci uku bisa huɗu, nauyi kusan kilo 45. Kwata ɗinta ma ban buƙata ba. Mu biyu da ɗana muka ja ta kamar gawar saniya, na kwana uku ina yankanta da wuƙa da ruwan sabulu, gareji ya yi wata guda yana warin shagon faci. Amma gammayen sun fito: katako biyu a gicciye, roba a ƙasa, hannun igiya a gefe. Maiɗakina ta tattara rasit ta ajiye mini a kan filo, ba ta ce komai ba. Akanta ne ni, na san abin da jimlar ke cewa.

Daga nan na shiga kula da su kamar jarirai. Na koyi cewa in aka dawo sai a kankare laka a shanya su, in ba haka ba su yi funfuna a akwati. Zaren jak kuwa na lafta masa giris har yana ɗiga, irin yadda ake yi wa motocin Kwanar Dawaki. A watan Yuli muka je gabar tafkin Mishigan, inda tudun yashi yake kamar ka ce hanyar Agadas. Giris ya kwashi yashi, ya zama abin wasa wuƙa, zare ya riƙa kuka, injina ya yi hayaƙi. Ashe feshin silikon mai bushewa ake sa masa, wanda ƙura ba ta kamawa. Yini guda na yi a kwance da tsohon buroshin haƙori.

Sai dabara ta ƙarshe ta zo mini, wadda har yanzu nake ganin ba ta rasa kyau ba: me zai sa kullum in riƙa durƙusawa ina jera gammo? Na huda tafin jak biyu na baya, na ɗaure musu nasu da noti, su zauna dindindin. Ban lissafa cewa na rage inci kusan huɗu tsakanin gindin tirela da ƙasa ba. A gangaren fita daga wani gidan mai na ji "gurrr", na duba madubi, na hango abu ruwan lemo yana birgima a titi, wata babbar mota ta bi ta kansa. Gaskiya bai tsage ba. Na so in tsaya in nuna wa maiɗakina wannan, ta ce in na tsaya ita za ta ƙarasa tuƙin.

Na kwance ɗayan, saura uku. Ana gobe za mu fita ta ƙarshe kafin sanyi na ƙirga, na ga biyu. Na birkice gareji. Can na ji luguden daka daga madafi, amma a dakushe, ba irin wanda ke girgiza tagogi har maƙwabta su leƙo ba. Na leƙa. Hajiya ce zaune a kujera 'yar tsuguno tana dakan yaji, turminta a kan gammona, daram, ko gezau, tayil ɗin da muka daɗe muna jin tsoron fashewarsa yana hutawa a ƙasa.

Na tsaya a bakin ƙofa ina sosa ƙeya. Maiɗakina ta wuce ni ta buɗe kabad ta ƙasa, ta zaro ƙunshin gammon roba guda huɗu, ko ledarsu ba a ɓare ba, da rasit mai kwanan watan Mayu, ta miƙo mini.

Hajiya ba ta ɗago ba. Ta gyara zaman taɓarya ta ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka, wannan kam ya yi aiki. In zan tafi a sa mini ɗaya a jaka. Amma ya cire igiyar, tana harɗe mini ƙafa."