Masu gadin benci

Duk mai zuwa Mas ɗin Hausa na ƙarfe shida a cocinmu ya san mu. Mu ne waɗanda idan lokacin karɓar Jibi ya yi, layi ya miƙe, sai mu janye ƙafa a wuce. Wani ya sunkuyar da kai wai addu'a ta yi zurfi, wata ta shiga gyara goyon da bai kwance ba. Katin baftismarmu yana nan a ƙasan akwati, naɗe cikin leda. Baiko ba ya wuce mu, ranar godiyar kaka kuwa mu ne masu jan akuya har gaban bagade. Abin da ya zaunar da mu guda ne: an biya sadaki, iyaye sun sa albarka, ɗan fari har ya shiga sakandare, amma ba a je gaban Fada ba.

Tambayi kowannenmu, daga Sabon Tasha har Kakuri, amsar ba ta canzawa: "Muna shiri."

Baba Katikis ya gaji da jin wannan shiri. Ran nan a gindin mangwaron coci ya tare maƙwabcina, ya shiga lissafa masa da yatsu. Katin baftisma, koyarwar aure, sanarwa Lahadi uku ko akwai mai magana, sai Fada da shaidu biyu. Ya ce wannan doka ta Fada da shaidu ba jiya aka kafa ta ba, tun taron Tirent ne a 1563, kuma har yau ba wanda ya ƙara mata buhun shinkafa.

Maƙwabcina ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai ba Fada ne matsalar ba. Jama'a ce."

Gaskiyarsa kuwa, domin jama'ar nan mu ne. Mu muka ce sai an fitar da anko kala biyu, na dangin ango da na dangin amarya. Mu muka ce sai farar riga mai jan ƙasa, ko da amaryar ta aurar da 'ya. Sai kanofi, sai kujerun haya, sai mai kiɗa da janareto. Zumuntar Mata za su zo da tulu da kacau-kacau, ba a sallame su da ruwan leda ba. 'Yan kwaya da kularsu daban. Mutanen gida za su ciko bas daga Zonkwa ko Kagoro, su kwana uku a falo, a kuma biya musu kuɗin komawa. Ga maƙwabta Musulmi da muke cin naman Sallarsu kowace shekara, dole a kira mahauci Musulmi ya yanka ragon yadda kowa zai sa hannu a kwano. Wannan na ƙarshe dai ban ga laifinsa ba, zaman tare ya gaji haka. Amma idan aka tara lissafin gaba ɗaya, mai albashin koyarwa sai ya ninke takardar ya ce baɗi. Idan wani ya yi ƙarfin hali ya ɗaura nasa a Mas ɗin safiyar Talata, shi da shaidunsa, kafin azahar mun raɗa masa suna: auren ɓoye. Alhali ko a bikin Kana abin sha ya ƙare, ba a kuma fasa auren ba.

Sai dai Maman Zumunta ba ta yarda kuɗi ne kaɗai ba, ni ma ina bayanta. Ta ce, "Ku bar mazan nan, 'ya'yana. Wanda ya sayi babur sabo dal, zobe ne zai gagare shi?" A ganinta abin da suke tsoro shi ne kalmar nan da Fada ke nanatawa a koyarwa, cewa auren coci ba saki, ba ƙari, sai mutuwa. Wani yana so ya bar ƙofa a buɗe ko da Allah bai ba da ɗa namiji ba. Wani kuma uwarsa ce ke riƙe da linzami, tana cewa a bari a ga ciki tukuna, kada a ɗaure mata ɗa da juya. Ba a faɗin wannan a taron iyali, amma kowa ya san da shi. Matar ce ke kwana a ciki. A cocinmu ba a ɗaura wa mace zanin Zumunta sai da takardar aure, saboda haka za ka gan ta tana share coci ranar Asabar, tana biyan kuɗin wata, ranar taro kuma tana tsaye a gefe da atamfarta ta gida. In ta ce, "Baban su, yaushe ne?" sai ya ce ta cika gaggawa. Shekara goma sha biyar fa!

Fadanmu, da yake mai raha ne, yakan tsokane mu da labarin Fafaroma Faransis. A Satumbar 2014 ya ɗaura aure ashirin rana ɗaya a cocin Waliyyi Bitrus da ke Rum, cikinsu har da waɗanda suka daɗe suna zaune tare, da mai ɗa. A Janairun 2018 kuma, yana cikin jirgin sama a ƙasar Cile, ya tarar da ma'aikatan jirgin biyu da suka yi auren kotu, girgizar ƙasa ta 2010 ta lalata cocin da za a ɗaura musu. Nan take ya yi musu tambayoyi, aka samo shaidu, aka rubuta takarda da hannu, ya ɗaura. Fada ya dube mu ya ce, "To, a sama wa ya dafa shinkafa?" Aka yi ta dariya, masu dariya da ƙarfi kuwa mu ne na bencin baya.

Saboda irinmu ne ake shirya auren taro kafin Kirsimeti, a haɗa ma'aurata da yawa a Mas ɗaya, kowa ya koma gida ya ci abin da ya sawwaƙa. Nan ma sai mu ce ai na marasa galihu ne. Amma bari ciwo ya kwantar da maigida, a ga abin ya yi tsanani. Tsakar dare za a buga wa Fada waya, a ce ya taho da man shafewa, ya haɗo da littafin aure. A nan ba mai tambayar anko. Nas ta zama shaida, ƙanin miji ya zama na biyu, zoben ma na aro ne daga yatsar wata mai jinya. Dangin da suka ce a dakata su ne ke riƙe wa Fada tocila, don suna tunanin yadda jana'iza za ta kasance.

An buɗe rajistar auren taron bana tun watan jiya. Baba Katikis ya sake tare maƙwabcina da biro a hannu, shi kuwa ya ce a ba shi zuwa a sayar da masara.

"Wacce masarar?" in ji Baba. "Ta bara, ko ta bara waccan?"