Kafin Ka Ce "Na Saya", Tambayi Ƙafarka

Duk wanda ya taɓa ganin mutumin Gidan Sori yana cinikin rago ya san ba a yi masa gaggawa. Zai buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya tattaɓa gadon baya, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, sannan ya ce bari ya ƙara zagayawa. Amma ka bi mutumin nan zuwa rumfar mai takalma a Tsibiri ko babbar kasuwar Maraɗi. Ido na ganin sheƙi, baki ya ce "nawa?", hannu ya faɗa aljihu. Ƙafar da za ta wuni cikin takalmin kuwa, ba wanda ya ce mata ci kanki.

Baiwar Allah nan tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ita ke kai ka gona, ta kai ka masallaci, ta kai ka zance, ta dawo da kai gida. Tunda ba ta da baki, ga shawarwari takwas a madadinta.

1. Ka tafi kasuwa da ƙafarka

Zuwa da kai ya fi aike. Mun saba mu karya kara daidai tsawon ƙafa, mu damƙa wa ɗan kabu-kabu ko maƙwabci mai shiga birni, mu ce ya sayo. To kara tsawo kaɗai ya sani. Bai san faɗin ƙafarka ba, bai san tudun bayanta ba, kuma kafin a kai Maraɗi sau da yawa ɗan aiken ya ɓalli bakinsa ya yi sakace. In aiken ya zama dole, ka taka kwali kana tsaye, wani ya zana kewayen ƙafar, a yanke. Mai sayowa ya zura kwalin cikin takalmi. In ya lanƙwashe, ya ajiye ya ɗauki wani.

2. Ka bari sai la'asar

Ƙafar da ka tashi da ita da asuba ba ita kake kwana da ita ba. Tsayuwa da tafiya da zafin rana suna sa ta ɗan kumbura, don haka takalmin da ya yi maka cif da hantsi zai iya fara cizo kafin magariba. Ka gama zagayen kasuwa tukuna, takalmi ya zama cinikin ƙarshe. Ka gwada duka biyun, kana tsaye, domin yawancin mutane ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya. Babbar ake saya wa, ƙaramar ta yi haƙuri. In da safa za ka riƙa sa shi, da safa za ka gwada.

3. Kada ka rantse da lamba

Akwai dattijon da tun yana saurayi ya kafe a kan shi 42 yake sawa, ko da yatsunsa suna neman agaji. Baba, ƙafa tana ƙara faɗi da shekaru, kuma lambar ma ba bakinta ɗaya ba. A lissafin Faransa da muka saba da shi, tsakanin lamba da lamba kashi biyu ne cikin uku na santimita. A lissafin Ingila kuwa, 42 ɗin nan wajen 8 ce. Ga na Kano, ga na ƙasar Sin, ga na bosho da wata ƙafa ta riga ta yi wa siffa, kowanne da irin yankansa. Awon gaskiya yana hannunka: tsakanin yatsan da ya fi tsawo da hancin takalmi a samu fili kamar faɗin babban yatsan hannu, wato santimita 1 zuwa 1 da rabi. Ka lura, a wasu mutane na biyu ne ya fi babban yatsa tsawo. Yatsu su iya motsi a ciki, diddige kuma kada ya riƙa leƙowa waje duk taku.

4. Ka yi hattara da "zai buɗe, Alhaji"

Mai takalma ɗan'uwanmu ne, neman halaliyarsa yake yi, kuma Allah ya hore masa baki. Da ya ga ka yamutsa fuska zai ce, "Sabo ne, Alhaji, kwana biyu zai buɗe." Fata takan ɗan saki ta wajen faɗi, amma ba takalmin da ke ƙara tsawo, na roba kuwa yadda ya zo haka zai koma. Kafin ya buɗe, ƙafarka ce za ta buɗe: bororo a diddige, kanta a kan ƙaramin yatsa, farce ya nutse cikin nama, in abin ya daɗe babban yatsa ya karkace. In kana son shaida, ka tsaya bakin hanya ranar Salla ka ƙirga samarin da suka tafi idi da takalmi a ƙafa suka dawo da shi a hannu. Ka taka ka je ka dawo gaban rumfar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka in ka ji matsi, ka ce albarka ka wuce.

5. Yaro ba ya jiran ya girma kafin ya yi tafiya

Iyaye, mun san kuɗi ba a tsintarsu, shi ya sa ake sayo wa ɗan shekara shida takalmin ɗan shekara goma a ce zai girma ya iske shi. Kafin ya iske shi, ya sha tuntuɓe a hanyar lakwal, kuma ya koyi ƙanƙame yatsu don kada takalmin ya riga shi isa aji. A bar masa filin girma daidai faɗin yatsa, ya isa. Matsattsen ya fi wannan illa, domin ƙashin ƙafar yaro bai gama ƙwari ba, kuma in yana son takalmin ba zai ce yana cizonsa ba. Duk bayan wata uku ko huɗu, ku danna hancin takalmin ku ji inda yatsansa ya kai. Wanda ya gada daga yayansa ma a duba, in gindin ya cinye ta gefe ɗaya, ya gama aikinsa.

6. Dangin ango, ku tambaya kafin ku cika akwati

Ana haɗa lefe, a zaɓi atamfa da shawarar mutum goma, takalmi kuwa a ce "ai ƙafarta kamar ta wance ce". Amarya ta ji kunya ta cusa ƙafa, ta yi ta murmushi a hoto alhali Allah kaɗai ya san halin da take ciki. Ku aika a karɓo awonta, ba abin kunya ba ne. Ke kuma ƙanwata, mai tsini yana tura nauyin jiki duka kan yatsu, ga rairayin Gobir ba ya raga wa tsini. Ki sa shi na ɗan lokacin biki in kina so, amma zuwa rijiya da kasuwa sai mai shimfiɗaɗɗen gindi da maɗaurin diddige.

7. Kowane aiki da takalminsa

Silifas na alwala ne da tsakar gida. In ka shiga gona da shi, ƙarangiya da tsidau za su yi maka barka da zuwa, kunama da kububuwa kuma ba su san wasa ba. Gona sai rufaffe mai kaurin gindi. Tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi da damina kuwa hanya ce da wata tsutsar ciki ke bi ta fata ta shiga jiki. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rufaffen roba yana tara gumi ya jawo cin ruwa tsakanin yatsu, don haka a riƙa wanke ƙafa, a tsane ta, a shanya takalmin. Kullum da safe ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa, don wani lokaci akwai baƙon da ya kwana ciki. Kada kuma mu manta da dukawanmu. Ƙasar da fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai ba ta rasa mai ɗinka takalmi ba, kuma baduku ƙafarka zai auna, ya yanka daidai da ita.

8. Mai ciwon suga, nan ba raha

Ciwon suga yana iya kashe jijiyoyin ji na ƙafa. Takalmi ya gurje mutum, ko tsakuwa ta wuni a ciki, bai ji komai ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ke ƙin warkewa, har a kai ga yanke yatsa ko ƙafa. In kana da shi, ko akwai mai shi a gidanku, kada a yi tafiya ba takalmi ko da cikin ɗaki. A zaɓi mai taushi da yalwar gaba, a shafa cikinsa da hannu kafin a sa. Sabo a fara sa shi na awa ɗaya ko biyu, a cire a duba. Kowace rana a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido bai kai ba a sa madubi ko a kira jika. Da an ga ja, ko kumburi, ko bororo, a nufi likita ran nan, kada a tsaya gwajin magani a gida.

Jama'ar Gidan Sori da kewaye, takalmi in ya lalace akwai wani a kasuwa mai zuwa, ƙafa kuwa biyun nan ne rabonka har ƙarshen rayuwa. Ranar da za ka sayi na gaba, ka je da kanka, ka je da yamma, ka gwada duka biyun, ka taka. In ƙafa ta amince ka biya, in ta ƙi ka mayar da kuɗinka aljihu, ko da mai rumfa ya rage maka rabi.