Sai Maigida Ya Dawo Daga Kurmi

Mu mutanen cikin birnin Kano haka muke, ba a taɓa mana yaro da allura sai da izinin uba. Masu riga-kafi su yi sallama a zaure da hantsi, akwatin ƙanƙara a kafaɗa, alli a hannu, daga cikin gida a ce musu, "Maigidan ba ya nan, sai ya dawo." Shi kuwa maigidan yana kasuwar Kurmi tun safe, ko a layin 'yan turare ko wajen dukawa. A kan bencin gaban rumfa ake yanke hukuncin, bayan azahar, ana jiran mai fura.

"Alhaji, ka ji wai sun kawo wata sabuwa ta 'yan mata?"

"Na ji, Malam. Ni abin da ke ɗaure mini kai, yaro ya kwana da zazzaɓi Panadol ma sai ka saya, amma wannan kyauta, har a biyo ka gida."

Allurar da suke magana ita ce ta kariya daga sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, kuma Kano na cikin jihohin farko. Da an ambaci mahaifa kunnenmu ya tashi, sai ka ji an ce ƙayyade iyali ne aka ɓoye.

Ba na ganin laifin mai tambaya, don ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Magani ne ba riga-kafi ba, amma a wajen dattijon da ya ga abin da idonsa, duk ɗaya ne: an taɓa ɗan mutum ba a tambaye shi ba.

Sai dai mun ɗanɗana kuɗar ƙin riga-kafi ma, kuma wannan ne ba ma son tunawa a benci. A 2003, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka dakatar da ɗigon shan inna, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, ta bar mana yara suna jan ƙafa. Da sarakuna da malamai suka sa baki, aka buɗe ƙofofi, har a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ga kuma mashaƙo a 2023, Kano ce ta fi ko'ina shan wuya, kuma mafi yawan yaran da ya kwantar ba su kammala riga-kafinsu ba. Cutar da allurarta ke asibitin sha-ka-tafi tun da daɗewa! Wannan yana ci mini rai.

Ɗan Kurmi ba ya sayen fata sai ya juya ta ciki da bai, ya shinshina, ya tambayi inda aka jeme ta. To mu yi wa allurar haka. A ina aka yi ta? Wa ya gwada ta? In yarinya ta yi zazzaɓi da dare, wa za a kira? Tambaya ce mai amsa, amma ba a wajen saƙon WhatsApp da ba a san mai shi ba.

Su kuma ma'aikatan lafiya su daina tsayawa a zaure suna rarrashin matar da ba ita ke da ta-cewa ba, kada su kuma bi yara makaranta kafin labari ya iso gida. Su shigo kasuwa da likita mai jin Hausa, su fara da shugabannin layi da limamin masallaci, bayan la'asar, sa'ad da ciniki ya lafa.