Tsiren da Bai San Wuta Ba

Duk ɗan da aka haifa tsakanin Matankari da Gesheme ya san darajar tsinke. Naman da aka zuba a kwano ci ake yi a tashi, amma da zarar an soke shi a tsinke an barbaɗa masa ƙuli, sai ki ga manyan mutane da rawunansu sun tsaya a bakin tasha suna jiran a juya musu shi. To, wannan daraja ta tsinke za mu aro, uwargida, mu ɗora wa mangwaro da gwanda da kankana, don yaron da ke tafiya lakwal da safe ya ci abin da fadamun Dallol Mawri ke bayarwa, ya daina kai dala biyar ɗinsa wurin mai alawa yana dawowa gida da shuɗin harshe.

Ki fara sanin da wa kike kokawa. In an buga ƙarfen hutu da ƙarfe goma, yara na kwarara bakin ƙofa, inda mai ƙosai da mai awara da mai kwaɗon zogale suka jera tasoshinsu. Waɗannan ƴan uwanki ne, kada ki taɓa su, wake da ganye suke sayarwa. Abokin karawarki shi ne tiren nan na alawa da cingam da ruwa mai rini a leda. Ba da daɗi ya fi ki ba, ba da ƙosarwa ba. Da launi ya ci kasuwa: ja, kore, ruwan ɗorawa, duk suna ƙyalli a rana suna kiran yaro da sunansa. Ke kuwa Allah ya riga ya rina miki naki tun a bishiya.

Maganar ba ta ado kaɗai ba ce. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da ƙa'ida cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na ƴaƴan itace da kayan lambu kowace rana, ɗan shekara 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama kuwa giram 400. Ba sai kin aro sikelin mai kanti ba. Tsokar babban mangwaron aure guda ɗaya takan kai rabin abin da ɗan shekara takwas ke bukata, sauran kuma miyar kuɓewa da zogale da tumatir su cike da rana da dare. Mangwaro da gwanda da karas suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da turmi da zarar magariba ta yi. Gwaiba kuwa, da ake rainawa don arha, ta ninka lemu bitamin C, shi ne ke taimaka wa ciki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da gero, abin da ke tsare yaro daga ƙarancin jini.

Yanzu sai tsinke, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake samun kuka. Yaran Arewa jikokin maharban da suka tsaya wa ayarin sojan Faransa na Vule da Shanwan ne a Lugu a 1899, ƙarƙashin Sarauniya. Jinin bai tsinke ba. Ki miƙa wa ɗan aji biyu tsinke mai tsini ki tura shi filin da yara ke guje-guje, kafin a koma aji kin ji an aiko kiranki ofishin darekta. Saboda haka bayan kin gama soka kayan, ki sa wuƙa ki datse tsinin, ki goga bakin a dutse ya dakushe. Gajeren tsinke ya fi, wanda bai wuce taki ɗaya ba. Yaron da bai kai shekara biyar ba kuwa babu shi babu tsinke, a yanka masa ƙanana a kwano, a cire ƙwallon dabino kafin ya gan shi.

Sabon tsinke za ki nema, ko wurin mai tsire ko ki fere na gora ko na kaba ki wanke. Kada ki aiki yaro bayan gida ya karyo miki duk abin da hannunsa ya kai. Tumfafiya da aguwa da cini-da-zugu masu ƙaro ne, kuma ƙaron nasu guba ne, ba sa kusantar abin da za a kai baki. Dogon yaro ba ya kisa, amma zai mayar miki da kankana maganin zazzaɓi, yaron kuma ya rantse ba zai ƙara ba. Sarkin tsinke shi ne rake. In sanyi ya shigo raken fadamun Gesheme ya cika kasuwa, ki ɓare gaɓa ɗaya ki tsaga ta siri-siri, kaurin ƙaramin yatsa. Ayaba da gwanda da kankana na hawa kansa ba gardama. In yaro ya cinye tsiren sai ya bi da tsinken ya tsotse, ba abin da ya rage da za a tsokane wa wani ido da shi.

Abin da za a soka kuwa, kalandar lakwal da ta lambu tafiyarsu ɗaya. Ana buɗe makaranta a Oktoba, gwaiba da kankana na nan. Sanyi ya kawo karas da tumatir da lemu da rake. Daga Maris har a rufe a Yuni mangwaro ne sarki, har akuya ta gaji da shi. Ayaba da abarba baƙi ne daga kudu, ta wajen Gaya suke shigowa, kuɗin motarsu na cikin farashinsu, don haka yanki ɗaya a tsinke ya isa a san an yi baƙo. Dabino shi ma ɗan tafiya ne, ƙwaya ɗaya tak, kuma zan faɗa miki inda za ki ɓoye shi. Dankalin turawan Tapkin Saw abin alfaharin Dogon Dutsi ne, mun sani, amma ya jira tukunyar rana, wannan taron ba nasa ba ne.

Akwai kuma waɗanda suka rantse ba za a soke su ba. Goriba za ta karya tsinken, ta karya wuƙar, in an matsa ta duba haƙorin mai gida. Gawasa ƙwallo ce ta yafa ƴar riga. Magarya da aduwa da kanya da ɗinya duk dutse suka haɗiye. Kada ki yi fushi da su ki bar su a gida, don su ne ƴaƴan ƙasa, su suka raini iyayenmu a daji tun kafin a dasa mangwaron aure na farko a nan. Ki wanke ƴan kaɗan ki zuba a gefen robar su yi rakiya. Shi ma ƙaramin mangwaro mai zare a bar shi da halinsa, a tsotse shi a gida kusa da buta. Na tsinke shi ne mai tsoka, wanda ya nuna amma bai yi laɓo-laɓo ba.

Kafin wuƙa ta taɓa komai, hannu ya sha sabulu. Sannan a wanke ƴaƴan itacen da ɓawonsu, har kankana, har wanda za a fere, domin wuƙa na kwasar dattin bayan ɓawo ta shiga da shi cikin tsoka. Ruwan kuma na sha ne, na famfo ko wanda aka sa wa Aquatabs, ban da na tafki. Wuƙar ma a duba tarihinta. Wadda ta yanka albasar Galmi jiya da dare ba ta manta ba, za ta ba gwanda labari, gwanda ta kai wa yaro, yaro ya kai wa duk ajinsu. Ki wanke ta da sabulu, haka faifai ko trantin da za ki yi yanka a kai. Ƙuda kuwa a lokacin mangwaro ba ya jiran gayyata, yanka da rufewa tare suke tafiya.

Ki yanka gutsure-gutsure daidai lomar yaro. Ayaba ki ɗiga mata lemun tsami, in ba haka ba kafin ƙarfe goma ta yi baƙi ta ɓata wa sauran suna. Wajen jerawa, na ƙasa ya zama mai ƙarfi, karas ko gwaiba, shi ne mai gadin da zai hana sauran zamewa su sauka a rigar lakwal. Daga nan kada launi biyu iri ɗaya su yi maƙwabtaka: jan kankana, ɗorawar mangwaro, koren gwaiba da ɓawonta, farin ayaba, kamar zanen atamfar da ake hangowa tun daga bakin layi. Garin ƙuli-ƙuli kuma ki ƙulle shi daban a ƴar takarda, yaron ya barbaɗa da hannunsa, don nan ne tsiren ke cika tsire. Ƙulin na da aikinsa ban da ƙamshi, ɗan man gyaɗar da ke cikinsa shi ke taimaka wa jiki ya karɓi bitamin A ɗin karas da mangwaro. Mai son yaji a ɗan sa masa, amma ba na mai tsiren tasha ba, wanda ke sa ƙato hawaye.

Sai babban abokin gaba, rana. A Afrilu da Mayu zafin Dogon Dutsi na wuce digiri 40, kuma masana tsaftar abinci sun ce abin da aka yanka kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya. Kankana da gwanda su ne masu saurin juyawa. Wato ba a yanka da dare a ce an rage aikin safe. A yanka bayan karin kumallo, dab da fita. In bazara ta tsananta, a sa ledar ƙanƙara a cikin robar, a naɗe ta da tsumma mai laima, a gaya wa yaron ya ajiye ta a inuwa. In babu ƙanƙara a unguwa, a ba shi gwaiba ko lemu ko karas sukutum ya tafi da su, tsiren ya jira shi in an taso da tsakar rana. Waɗanda ba a yanka ba kuwa su kwana a randa cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da tsumma a bisa, dabarar da wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Maginan tukwanenmu sun iya gina ta, kuma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan lissafin da ke gaba. Yaron Arewa ba ya ci shi kaɗai. Da ya buɗe murfi zai ji numfashi a wuyansa. "Kai, mi na wanga?" "Tsire na." "Ina naman?" "Inna ta ce ba ya son wuta." "Sam mini in ji." Daga nan hannuwa sun miƙo. Wasu iyaye kan ce wa yaro ya zagaya bayan aji ya cinye abinsa. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Yaron da aka koya wa laɓewa da abinci an cuce shi fiye da wanda aka hana mangwaro, kuma cikin masu miƙo hannun akwai wanda ya fito gida ko koko bai sha ba. Ki yi tsinke uku gajeru maimakon dogo ɗaya: ɗaya nasa, ɗaya na aminin da suke zama benci ɗaya, ɗaya na jama'a. Lomar da ke can bisa ita ake fara roƙa, sai ki sa kankana a nan, don ita ce mai yawa. Dabinon kuwa ya zauna can ƙasa, kusa da mai gadi, inda babban yatsan ɗanki zai rufe shi har hayaniya ta lafa.

In akwai ɗan Barebari a ajin, ƙara na huɗu. Shi ba roƙo zai yi ba, ɗauka zai yi, ya ci, ya kuma ce Bamawri bai iya yanka mangwaro ba. Hakkinsa ne na taubashi, kuma tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya, don haka babu kotun da za ki kai shi.

Kai kuma maigida, da ke leƙen takardar nan ta kafaɗarta, akwai naka aikin. Ranar kasuwa, ko in motarku ta tsaya a Kore Mai Ruwa kana dawowa daga Doso ko Yamai, ka tuna da robar yaron kafin ka tuna da goro. Ka zaɓi kankana da kanka, ka ƙwanƙwasa ta yadda kake so. Abu ɗaya aka hana ka: ɗanɗanawa da safe don ka ji ko ya yi. Ya yi. Tsinke uku ne aka lissafa, kuma an san masu su.

Saura murfi. Robar za ta dawo gida, murfin kuwa sai ya ga dama, don murfin roba ya fi kowane abin wasa tashi sama in an wurga shi. Ki ɗumama ƙusa ki huda gefen robar da gefen murfin, ki ɗaure su da zare mai ƙwari, ki zana alamar gidanku a gindi. Da ya dawo a wanke ta da sabulu a kife a rana, kuma a ƙirga tsinkayen, in na gora ne, a jefa su murhu kafin ƙanensa mai rarrafe ya riga ki gani.