Yaji a Aljihu, Fatawa a Baki

Akwai wata tambaya da Bahaushe ba ya yin ta sai an buga masa hatimi a fasfo. A gida, mutum zai tsaya a tasha da tsakar dare, gaban mai balangun da bai taɓa gani ba, ƙarƙashin fitilar da ko fuskar mai naman ba ta haskawa, ya ce a yanka masa na dubu biyu, a ƙara albasa. Bai tambayi wanda ya yanka ba, bai tambayi ranar da aka yanka ba, balle ya binciki ko dabbar ta jira wuƙa ko ta riga ta yi gaba. Amma jirgi na sauke shi a ƙasar wasu, sai tsantseni ya motsa: "Halal ne?"

Kada a ce na ce, tambayar tana da muhallinta. Ko a Uzbekistan ɗin da muka je ma, wadda ta yi shekara kusan 70 a hannun Tarayyar Sobiyet kafin ta sami 'yanci a 1991, akwai gidajen abincin da kwalba ke zaman dirshan a kan tebur. Sai dai mu inda muka kai tamu tambayar wata 'yar rumfa ce a Samarkand, bayan kasuwar Siyob, muna dawowa daga ziyarar kabarin Imamu Bukhari a ƙauyen Hartang, inda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira. Mai rumfar dattijo ne mai farin gemu da 'yar hula mai kusurwa huɗu, ga dardumar salla rataye a bayan ƙofa. Shi ya fara yi mana sallama, hannu a ƙirji.

Wani Alhaji a ayarinmu, dillalin atamfa, ya amsa sallamar, ya ɗora da "Halal?" Dattijo ya ce halal. Alhaji ya ja yatsa a maƙogwaro, ya ce, "Bismillahi, Allahu akbar?" Dattijo ya gyaɗa kai. Alhaji ya juyo wajen malamin da muke tare: "Allah gafarta Malam, kana ganin ya gane nufina kuwa?" Mutumin da kakanninsa ke tace hadisi tun ba a aza tubalin ganuwar Kano ba, shi ake yi wa jarrabawar yanka da yatsa.

Aka kawo abincin da suke ji da shi, wanda suke kira osh ko palov. Tun da sassafe ake ɗora shi a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, kazan. A narka kitsen jelar rago, a soya nama da albasa, a zuba karas rawaya da aka yanka siri-siri, a shimfiɗa shinkafa a kai, a tura dunƙulen tafarnuwa ciki, a rufe ta turara. Mutanen Samarkand ba sa cakuɗa shi wajen zubawa: shinkafa a ƙasa, karas a kanta, nama a can ƙoli, ga zabibi jefi-jefi. Wanda ya bari azahar ta gota sai ya tarar da ƙanzo.

Tun kafin tiririn ya lafa Alhaji ya zura hannu a aljihun babbar riga, ya wuce fasfo, ya wuce carbi, ya zaro wata tsohuwar robar magani cike da yajin ƙuli. Bai ɗanɗana ko ƙwara ɗaya ba. Ya yi ta barbaɗawa har karas ɗin ya koma ja, sannan ya miƙa wa na kusa da shi, robar ta zaga faranti ta dawo. Dattijo yana tsaye da ludayi a hannu, yana kallon aikin da ya tashi da asuba ya yi ana binne shi da ransa.

Loma ta farko, hukunci ya fito: "Dafaduka ce da aka hana tumatir." Loma ta biyu: "Wa ke sa zaƙi a shinkafa, fisabilillahi?" Wannan fa mutum ne da azumi ba ya wuce shi bai je umara ba, kuma kowane dare yana cikin layin shinkafar Bukhari a Makka, yana yaba "abincin Larabawa". Bai taɓa tsayawa ya ji dalilin da ya sa take ɗauke da sunan Bukhara ba, alhali mutanen wannan yankin ne suka yi ƙaura da ita zuwa Hijaz. A can ibada ce, a nan kuma da aka zo gidan uwarta ta zama abin tuhuma. Jagoranmu, wani saurayi mai jin Larabci, ya so ya kare mutuncin ƙasarsa, ya ce ai UNESCO ta sa wannan girki cikin al'adun duniya a 2016. Alhaji ya ce, "Su UNESCO ɗin sun taɓa cin masa da miyar taushe?"

Gurasarsu zagayayyiya ce mai nauyi, ba a sa mata wuƙa, kuma ba a kifa ta. Alhaji ya kifa tasa ya jingina waya a jiki domin hoto. Yaron shagon ya zo ya juya ta bai ce uffan ba, Alhaji ya sake kifawa. Shayi kuwa ɗanyen ganye ne, ba madara ba sukari, kuma ɗan kaɗan ake tsiyayawa a gindin kofi. "Rowa har a ruwan zafi!" in ji Alhaji, ya nuna a cika masa har baki. Jagora ya raɗa masa cewa a nan ƙaramin zubi girmamawa ne, don mai gida ya yi ta yi maka hidima. Cikakken kofi kuwa ana ba wa wanda ake so ya sha ya kama gabansa. Alhaji ya ce a cika duk da haka, shi bai zo da zuciya ba.

A saman naman akwai wasu yanka-yanka masu duhu, zagaye da kitse. Su ne kaɗai suka tsira daga suka. Malam ya ci, ya ƙara, ya ce wannan saniya ta ga kiwo. Sai da farantin ya yi fes wani ya tambayi sunan abin. Jagora ya ce kazi. Naman me? Yaron shagon, don ya taimaka, ya kama linzamin da babu, ya yi haniniya.

Tsit. Alhaji yana da ingarma a gida wanda yake hawa ranar hawan daushe, yana sayen masa dusa da kanwa kafin ya biya kuɗin makarantar yara. Ya dubi farantin, ya dubi Malam. An yi tambayar halal har da ishara, an ba da amsa ta gaskiya, amma ba wanda ya ce "naman wace dabba?"

Malam ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ya ce lalle mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya hani ne. Amma Shafi'i da Ahmad sun halatta, Abu Hanifa da mutanen nan ke bi ya karhanta, manyan almajiransa biyu suka halatta. Kuma hadisin Asma'u 'yar Abubakar, cewa sun yanka doki a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ci, yana cikin littafin mutumin da muka baro kabarinsa ɗazu. Duk gaskiya ya faɗa. Na dai lura cewa sassaucin fatawa ya tafi daidai da yawan yankan da mai fatawar ya ci.

Takardar kuɗi ta zo: som 400,000 da ɗoriya. Aka yi salati. Nan take aka shiga wasan da muka gada: "Wallahi ba za ka biya ba!" "Haba Alhaji, ka bari!" Kowa hannunsa na cikin aljihu, ya shiga ya ƙi fitowa. Da jagora ya tuna mana cewa dala ɗaya ta haura som 10,000, sai ga hannaye sun warke a lokaci guda, har ana ture juna. Alhaji ne ya yi nasara, kuma da yake jinin kasuwa ba ya ɓuya, ya dubi dattijo ya ce a tambaye shi nawa gaskiya.

A mota ya kira gida, yana sakace. "Hajiya, ke dai bari. Ƙasar nan ba abinci. Tun da muka sauka ban sa abin kirki a cikina ba. Ki tanadi tuwo da miyar kuka." Ya kashe waya, ya gyara gurasa biyu da ya sa aka ƙunshe masa, ya taɓo kafaɗar jagora.

"Yaro, gobe ƙarfe nawa tsohon nan yake buɗe tukunya? Ba don ni ba, saboda Malam."