Mu Da Muke Gane Babur Da Kukansa

Mu masu babur a Bunkure ba sai mun waiwaya ba muke sanin mai zuwa. Muna zaune a gindin darbejiyar bakin tasha, sai wani ya ɗaga yatsa: "Tsohuwar Jincheng ɗin nan ce, wadda salansarta ta fashe tun kafin azumi." In an duba, ita ɗin ce. Boxer kuwa in ta wuce tana tari, kafin mai ita ya isa wurin bakanike mun gama yanke mata hukunci. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce man 'yan bumburutu aka ɗura mata, na uku ya ce ku ƙyale babur, mai shi ne bai iya sa giya ba. Kiran sallar la'asar kaɗai ke raba wannan gardama.

Rani a wurinmu ba lokacin zaman kashe wando ba ne. Tun da aka gina dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, a farkon shekarun 1970, ruwa ke biyo kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, mu kuma muna biye da shi a kan taya biyu. Da asuba buhun taki, da hantsi injin ban-ruwa ɗaure da roba, da yamma kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan. Tunkiya ma mun sha ɗora ta a cinya, tana kuka muna ba ta haƙuri. Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaba a cikin birnin Kano a 2013, 'yan'uwanmu da dama suka dawo gida, tasha ta cika. Muka laƙaba musu 'yan birni, har yau sunan bai sake su ba.

A cikinsu akwai wani ɗan'uwanmu, Allah ya jiƙansa.

Wanda bai taɓa ƙarewar mai a kan gaɓar kanal da tsakar rana ba, bai san amfanin ɗan'uwa ba. Ba ka ɗaga hannu. Na farkon da ya iso zai rage gudu, ya ce "riƙe kanta da kyau," ya kafa ƙafarsa a matakin bayanka, ya yi ta tura ka har gari, yana tafe yana yi maka tsiya. Shi marigayi gwani ne a wannan. Kullum akwai ɗan mai a gorar lemo cikin jakarsa, kuma bai taɓa karɓar kuɗinsa ba, sai dai ka sha gori mako guda. Ranar rakiyar amarya shi ne a gaba, hula a karkace, ham kamar zai tsage. Ranar adashi shi ke bin mu ɗaya bayan ɗaya: "Yaya, fito da ita, na ga fasinjan da ka sauke."

Sai ya fara yin shiru. Ba rana ɗaya ba, a hankali. Jar Boxer da yake wankewa kowace Juma'a a bakin ruwa ta yi ƙura har ana rubuta suna a tankinta. A yi gardamar fulogi, ba ya tanka. Ya biya mai shayi ɗan bashin da ke kansa, ya ba yaron mai faci sufanunsa kyauta. Mu kuwa me muka yi? Raha, abin da muka iya. "Malam ya shiga halwa." "Ko ƙari za a yi ne ake ɓoye mana?" Ya yi ɗan murmushi. In ka ce ya aiki, ya ce alhamdulillahi, kai ma ka ce madalla, ka buga kik ka tafi.

Da safiyar da labari ya zo cewa ya kashe kansa, babu wanda ya ɗauki fasinja. Babura suka yi layi a ƙofar gidansu, a kashe. Aka fara raɗe-raɗi ko za a yi masa sallah. Liman ya kashe maganar: Musulmi ne, a wanke shi, a sallace shi, hukuncinsa yana wurin Ubangijinsa. Mu muka ɗauki makara muna karɓa-karɓa, kafaɗa bayan kafaɗa.

A zaman makoki babu bakin da ya furta abin. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Baƙo in ya tambaya, a ce masa gajeriyar rashin lafiya. Ban ga laifin gidan ba: akwai kunya, akwai bakin mutane, ga kuma dokar finalkod da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba. Wa zai fito ya ce ga abin da ke ransa? Bayan sadakar uku kowa ya zo da nasa dalilin. Wani ya ce bashin taki, wani ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 balas ya gagare shi, wata tsohuwa ta rantse sammu ne. Bashin nan dai dukkanmu muna da irinsa.

Wani ma'aikacin lafiya da nake kaiwa aiki ne ya ce da ni daga bayan babur: "Ɗan'uwa, ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da likita, yana da magani." Ya ambaci Asibitin Malam Aminu Kano, ya ambaci asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Na ji kunya, don mu sunan Dawanau a bakinmu abin tsokana ne: wanda ya yi wauta mu ce a kai shi can. Tun ranar ban sake faɗa ba, kuma na lura wasu ma sun bari, ba tare da an yi shawara ba.

Kwanan baya wani yaro a cikinmu ya yi kwana uku bai sa baki a hira ba. Dattijon tasharmu ya tashi ya karkaɗe riga: "Kai, ajiye taka. Hau mu je Tiga mu ci kifi." Sai bayan magariba suka dawo, idon yaron ja. Ba wanda ya tambaye su farashin kifi.

Jar Boxer tana hannun ƙanensa yanzu. Kukanta bai canza ba ko kaɗan. Duk sanda ta karyo kwana, hira takan tsaya cak, kowa ya sunkuyar da kai, har sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙane, zo nan. Cen ɗin nan naka yana son mai."